Tambayi Malama: Hannuna Ya Iya Aiki, Turanci Ya Gagare Ni

Wasiƙun da suka shigo bayan fitowar sakamakon zangon da ya wuce, galibinsu daga ɗaliban kwalejojin koyon sana'a ne, kuma kukansu ɗaya ne: Turanci. Na zaɓi huɗu. Ta farko ita ta fi cin wuri, domin amsarta ta shafi sauran.

Assalamu alaikum, Malama. Ina shekara ta biyu a sashen gyaran mota. A gareji babu injin da ke ba ni tsoro, har malamanmu sukan sa ni in nuna wa sababbin ɗalibai aiki. Amma Turanci sau biyu ke nan ina faɗuwa, kuma idan ban ci ba, ba za a ba ni takardar shaida ba. Malaminmu ya ce matsalata rashin sha'awa. Gaskiyarsa, da na shiga ajin sai barci. Yaya ake samo sha'awar abin da rai ba ya so? Kuma don Allah, shi ma bakanike sai da Turanci?
*Ɗalibin gyaran mota*

Wa alaikumus salam, ɗana. Bari in fara da tambayarka ta biyu, domin ita ce ke ƙasan zuciyarka.

Tun daga 1996 aka wajabta wa motocin da ake sayarwa a Amurka su zo da mahaɗa iri ɗaya da ake jona na'urar binciken matsala, daga baya tsarin ya bazu a duniya. Ka sani, yanzu in mota ta kunna fitilar gargaɗi, na'ura ake jonawa ta fitar da lamba. A ce ta fitar da P0171. Abin da lambar ke cewa shi ne iska ta yi yawa, man fetur ya yi kaɗan, a haɗin da ke shiga inji. Iyakarta ke nan. Ba ta ce maka roba ce ta tsage tana shan iska ba, ko na'urar auna iska ce ta yi datti, ko famfon mai ne ya yi rauni. Yadda za ka bi su ɗaya bayan ɗaya, da awon da ya kamata ka gani a kowane mataki, yana cikin littafin da kamfanin ya rubuta, kuma wanda zai fi saurin zuwa hannunka na Turanci ne. Bakaniken da ba ya iya karanta shi sai ya koma canke: ya sauya wannan, ya sauya wancan, mai mota yana biya, fitila tana nan a kunne. Ba na so ka zama shi, alhali Allah ya ba ka hannu.

Sai dai Turancin da kake bukata ba shi da faɗin da kake tsoro. Masu ƙera jiragen sama a Turai sun lura makanikai da yawa a duniya ba Turanci ne harshensu na gado ba, kuma kuskuren fahimta a gyaran jirgi rai yake ci. A 1986 suka fitar da wani sauƙaƙan Turanci na rubuta littattafan gyara, mai amintattun kalmomi kusan 900, kowace da ma'ana guda, a ƙara da sunayen sassa da kayan aiki. Jimlar umarni kuma ba ta wuce kalma 20. Da irin wannan ake kwance injin jirgi a mayar. To ina ga mota?

Yanzu maganar sha'awa. Malaminka ya faɗi abin da idonsa ya gani, amma a ganina ya ɗauki sakamakon ciwo ya kira shi ciwon.

A 1959 wasu masana biyu a Kanada, Robert Gardner da Wallace Lambert, suka yi nazari kan ɗaliban sakandare masu jin Turanci da ke koyon Faransanci a Montreal. Suka gano abubuwa biyu ne ke tafiya da nasara: baiwar koyon harshe, da kuma himma. Suka kuma bambanta dalilai iri biyu da ke tura mutum. Wani yana koyo ne don yana son masu harshen, yana son ya saje da su. Wani kuma don amfani: aiki, jarrabawa, ƙarin girma. An daɗe ana ɗaukar na farkon ya fi albarka, har yau kuma akwai malaman da ke jin ɗalibi bai cika ba sai ya ƙaunaci adabin Ingila. Amma su kansu masanan da suka kai binciken Filifin, sai suka tarar dalilin amfani yana da ƙarfi ƙwarai a can, domin Turanci hanyar neman abinci ne ga ɗaliban. A 1972 Yasmeen Lukmani ta samu kusan haka a wajen 'yan mata ɗalibai a Bombay ta Indiya. Saboda haka kada kowa ya sa ka ji kamar dalilinka ƙasƙantacce ne. “Ina so in karanta littafin gyara da kaina” dalili ne cikakke.

Wanda ba ya daɗewa shi ne “ina so in ci jarrabawa in huta”. A 1991 Gardner da Peter MacIntyre suka yi wa wasu ɗalibai alkawarin kuɗi idan suka haddace kalmomi da kyau. Waɗanda aka yi wa alkawarin sun fi sauran dagewa, amma da suka ga ladan ya kuɓuce musu, sai ƙarin ƙoƙarin ya tsaya nan take. Takardar shaida irin wannan lada ce. Kai kuma da ka faɗi sau biyu, zuciyarka ta riga ta yanke cewa ladan ya yi nisa, shi ya sa take kashe maka jiki da zarar ka zauna a ajin. Barcin nan ba lalaci ba ne. Mutumin da ke wuni a ƙarƙashin mota ba malalaci ba ne.

Ka tuna farkon zuwanka gareji. Na tabbata ba da son inji ka fara ba. Wanke kayan aiki da miƙa sifana ba abin so ba ne. Son ya shige ka ne ranar da ka ɗaure wani abu da hannunka, aka murza makulli, inji ya tashi. Turanci bai taɓa tashi a hannunka ba, ko sau ɗaya. Abin da za mu nema ke nan, kuma ba a jira sha'awa ta zo kafin a nema.

Ga abin da nake sa irinku su yi. Ka samo littafin gyaran motar da ka fi sani, wadda za ka iya kwance burkinta ido a rufe. Ka buɗe shafin aikin da ka riga ka iya, ba wanda kake son koya ba. Da yake hannunka ya san matakan, zai riƙa fassara maka jimlolin kafin ka taɓa ƙamus. Shafi ɗaya ya isa na mako guda. Ka fitar da kalmomi goma da suka fi maimaituwa, musamman na aikatau, irin su kwance, ɗaure, duba, auna, sauya. A ƙarshen mako ka rufe littafin ka rubuta matakan da Turancinka, jimla shida ko bakwai, ka kai wa malamin nan da ya ce ba ka da sha'awa ka roƙe shi ya gyara. Ban san malamin da za a kawo wa irin wannan ya ƙi dubawa ba.

Za ka ce ai jarrabawa ba a kan burki take ba. Haka ne. Amma jimlar sharaɗi da ke cewa idan awo ya gaza kaza a sauya kaza, ita ce dai jimlar sharaɗin da ake tambaya a nahawu. Tsara matakai daga na farko zuwa na ƙarshe shi ne ƙashin bayan insha'i. Makonni shida kafin jarrabawa ka koma kan tsofaffin takardun tambayoyi, wannan ba makawa. Amma ka je musu da ƙafar da ta riga ta taka ƙasa.

Malama, ni tawa matsalar akasin ta mutane ce. Ina koyon ɗinki da zanen tufafi, kuma ina matuƙar son Turanci. Ina da littafi cike da kalmomin da na kwafa, kullum da dare sai na karanta su. Amma makina ba ya wuce na tsira. A aji kuwa in aka kira sunana sai muryata ta ɗauki rawa, abin da na sani ma ya gudu. Ko dai ba ni da ƙwaƙwalwar harshe ne?
*Ɗaliba a sashen ɗinki*

'Yata, ƙwaƙwalwarki lafiya lau. Wasiƙarki ta zo daidai, domin ita ce shaidar abin da masu wa'azin “in kana so za ka iya” ba sa faɗa. A 2003 Masgoret da Gardner suka tattara sakamakon rukunin ɗalibai 75, mutum fiye da 10,000, don su ga yadda himma ke tafiya da nasara. Alaƙar tana nan tabbas, ta ma fi ta sauran abubuwan da suka auna, amma matsakaiciya ce. Himma tana zaunar da ke a kan tabarmar karatu. Abin da kike yi bayan kin zauna, shi ke kawo maki.

Kuma abin da kike yi, wato maimaita karanta jerin kalmomi, yana cikin hanyoyi mafiya rauni, ga shi da yaudara. Ido yana sabawa da kalma, sai ki ji kamar kin san ta. A 2008 Jeffrey Karpicke da Henry Roediger suka ba ɗalibai a Amurka kalmomin Swahili 40 su koya. Wasu aka ci gaba da yi musu tambaya a kan kalmomin ko bayan sun amsa daidai, wasu kuma aka daina tambayarsu, aka bar su da karantawa. Bayan mako guda, na farkon suka tuna kusan kashi 80 cikin 100, na biyun kuwa kusan kashi ɗaya cikin uku kawai. Wahalar da ƙwaƙwalwa ke sha wajen lalubo kalma ita ke dasa ta.

Don haka littafin nan naki, ki rufe gefen ma'ana da takarda, ki tambayi kanki. Wadda kika tuna, ki sake tambayar kanki ita bayan kwana biyu, sannan bayan mako, sannan bayan wata. Tun 1885 Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya nuna mantuwa ta fi gudu a sa'o'i da kwanakin farko, shi ya sa bitar farko ba ta son jinkiri. Sannan ki rage kwaɗayin manyan kalmomi. Kalmomi 2,000 da aka fi amfani da su a Turanci su ne kusan kashi 80 cikin 100 na yawancin rubutu. Ɗalibai masu son harshe irinki sukan tara baƙin kalmomi masu ƙawa, alhali ƙananan nan na kullum ba su zauna daram ba.

Rawar murya kuwa tana da suna a wajen masana tun 1986, lokacin da Elaine Horwitz da abokan aikinta suka bayyana fargabar ajin koyon harshe a matsayin abu mai zaman kansa. Tana kama masu ƙoƙari sosai, wataƙila ma fiye da waɗanda ba su damu ba, domin su ne ke jin zafin kuskure. Ina jin tausayin wannan hali ƙwarai, kuma ba na yarda malami ya bari a yi wa ɗalibi dariya a ajinsa ko da sau ɗaya. Maganinta a fara daga inda ba ido. Ki ɗauki wayarki ki naɗi muryarki minti ɗaya kina bayanin yadda ake auna kafaɗa da hannun riga, ki saurara, ki sake. Daga nan ki yi wa ƙawa ɗaya. In kin je aji, kada ki jira a kira ki ba shiri. Ki shirya jimla ɗaya tun daga gida, ki ɗaga hannu da kanki tun farkon darasi. Wanda ya zaɓi lokacin maganarsa bai cika firgita kamar wanda aka ritsa ba.

Malama, ni abokin aikinki ne, ina koyar da Turanci a kwalejin fasaha. Awa biyu nake da su a mako da kowane aji. Na gwada kyauta, na gwada barazanar rage maki, duk a banza. Yaran sun ɗauki darasina kamar harajin da ake biya kafin a shiga ɗakin aiki. Me ya rage?
*Malamin Turanci*

Malam, sannu da ƙoƙari. Na san ɗacin tsayawa gaban aji kana magana, idanu suna kan agogo.

Mu fara da lissafi, don kada ka ɗora wa kanka laifin da ba naka ba. Ma'aunin ƙwarewar harshe da Majalisar Turai ta fitar a 2001 yana da matakai shida, daga A1 zuwa C2. Masu shirya jarrabawar Cambridge sun ƙiyasta cewa kaiwa B1, inda mutum zai iya tafiyar da harkokinsa na yau da kullum, yana cin awa 350 zuwa 400 na karatu da jagora. Idan kana da awa biyu a mako, a ce makonni 30 a shekara, awa 60 ke nan. Ko ɗalibanka duka sun mutu a kan son Turanci, ajinka kaɗai ba zai kai su ba. Babban aikin awanninka biyu shi ne su sa yaro ya taɓa Turanci a sauran kwanakin da ba ka nan.

Kyauta da barazana kuwa, ba mamaki da suka gaza. Tun 1971 Edward Deci ya nuna cewa ɗaliban da aka biya don su warware wani wasan wasa-ƙwaƙwalwa sun rage taɓa shi don kansu bayan an daina biya. Daga baya shi da Richard Ryan suka gina bayanin da na fi samun amfaninsa a aji: himma mai ɗorewa tana tsirowa ne inda mutum ke jin yana da zaɓi, yana jin yana iyawa, kuma yana jin ana yi da shi. Ka auna darasin Turanci na kwalejin sana'a da waɗannan uku. Nassin da za a karanta, wani ne ya zaɓa, kuma sau da yawa ba ruwansa da sana'ar yaro. Iyawa kuwa, da yawansu sun iso ne da tabon faɗuwa daga sakandare, wasu ma an nuna musu cewa don ba su da kan boko ne aka turo su koyon sana'a. Wannan magana tana ɓata mini rai duk lokacin da na ji ta, kuma yaran suna ɗauke da ita a ka ranar da suka fara shiga ajinka.

Shawarata ta farko ba ta cikin aji: ka je ɗakin aiki. Ka roƙi malamin walda ko na lantarki ya ba ka jadawalinsa da takardun da ke zuwa da injuna. In mako mai zuwa za su yi haɗa waya, darasinka na wannan mako ya zama karanta gargaɗin da ke jikin akwatin wuta da rubuta rahoton abin da aka gyara. Za ka tarar ba ka san rabin kayan ba. To ka tambaye su, da gaske, su yi maka bayani da Turanci gwargwadon iyawarsu. Na ga yadda yaron da bai taɓa buɗe baki a aji ba yake miƙewa tsaye idan ya gane yau shi ne masani, malam ne ɗalibi. Kai kana da jimla, shi yana da ilimin abin, kowa ya kawo nasa.

Zoltán Dörnyei, masani ɗan ƙasar Hangari, ya kawo wani bayani a 2005 da ya dace da ɗalibanmu: abin da ke jan mai koyo shi ne hoton kansa na gobe yana amfani da harshen, in dai hoton a fili yake kuma yana ganin zai yiwu. “Turanci zai taimake ku a rayuwa” ba hoto ba ne. Amma ka gayyato tsohon ɗalibin sashen da ke aiki yanzu, ya nuna musu saƙon da ya rubuta wa kamfani yana neman wani sashen inji, da amsar da aka ba shi, da kurakuransa a ciki ba a goge ba. Wannan suna iya hango kansu a ciki.

Abu na ƙarshe, jan biro. Idan yaro ya kawo jimla bakwai ka mayar masa da gyara ashirin, ba zai sake kawowa ba. Ka zaɓi kuskure iri ɗaya ko biyu a mako, ka fara da wanda ke sauya ma'ana, irin wanda zai sa a kunna abin da aka ce a kashe. Sauran su jira. Ban ce a sassauta ma'auni a jarrabawa ba. Ma'aikacin da zai karanta gargaɗin wuta ba a yi masa alfarma. Amma hanyar zuwa can tana bukatar yaro ya riƙa ganin abin da ya samu daidai.

Malama, na haura shekara talatin da biyar, na daɗe ina aikin wayarin kafin in dawo makaranta neman takarda. Yara ne cike da ajinmu. An ce harshe sai da ƙuruciya. Ko na makara?
*Mai aikin lantarki*

Malam, ba ka makara ba. Abin da ƙuruciya ta fi bayarwa shi ne lafazi irin na 'yan asalin harshe, kai kuma ba shi ka zo nema ba. A 1978 Catherine Snow da abokiyar aikinta suka bi masu jin Turanci da suka koma Holan suna koyon harshen ƙasar, suka tarar a watannin farko matasa da manya sun fi ƙananan yara saurin kama nahawu da kalmomi. Ga shi kuma kana da abin da yaran ajinku ba su da shi: ka san ainihin takardar da ta taɓa tsaya maka a wuya a wurin aiki, ko zanen wayarin gini ne, ko ƙiyasin kuɗin aiki da aka ce ka rubuto.

Abin da zai yi maka wuya shi ne lokaci, da iyali da aiki. Kada ka tara karatu sai ƙarshen mako. Minti ashirin kullum, a lokaci guda da ba ya sauyawa, ya fi awa uku a zama ɗaya. Ka fara da rubuta ƙiyasin aikin da ka yi a makon nan: kayan da aka saya, adadinsu, aikin da aka yi, da abin da ya rage. In ka rubuta, ka aiko mini ta adireshin mujallar, zan gyara in mayar maka.